Lissafin Canji: Abin da Ke Jiran Ɗalibi a Shekarar Farko ta Jami'a



Kwamitin shirya taro ya ba ni zaɓi in yi magana da 'yan ajin ƙarshe a kan duk batun da na ga zai amfane su. Na san da yawa sun zaci tun da ma'aikacin gwamnati ne ya tashi, to, maganar ladabi da biyayya za a sha, ko kuwa yadda ake neman aiki. Ba can na nufa ba. A kan lissafi zan yi magana, kuma a kan wani reshe guda nasa wanda ake kira kalkulas, wanda ni na fi so in kira shi lissafin canji. Dalilina shi ne, duk wanda ya ci jarrabawar WAEC ko NECO, ya haye ta JAMB, ya sami gurbin karanta injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta ko tattalin arziki ko lissafin kansa, to, tun a shekarar farko zai yi kiciɓis da wannan darasi. Na ga yara haziƙai, waɗanda suka saba ɗaukar na ɗaya a aji, sun yi tuntuɓe a nan, sun maimaita kwas, wasu har sun canza fanni suna cewa ƙwaƙwalwarsu ba ta lissafi ba ce. A ganina ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu tambayar da wannan lissafi yake ƙoƙarin amsawa, sai kawai aka tula musu ƙa'idoji aka ce su haddace.

Lissafin da kuka yi daga firamare zuwa yau, galibinsa yana amsa tambaya ɗaya ce: nawa ne? Faɗin gona nawa ne, riba nawa ce, x nawa ne. Kalkulas kuwa tambaya biyu yake yi. Ta farko, abin nan da ke canzawa, da wane sauri yake canzawa a daidai wannan lokaci? Ta biyu, idan ƙananan canje-canje suka yi ta taruwa, me za su zama a ƙarshe? Ita kalmar ma daga harshen Latin take, ma'anarta ɗan ƙaramin dutse, wato tsakuwar da mutanen da suke ƙirga da ita.

Kafin a je ga canji sai an san abin da ke canzawa, da kuma abin da ya dogara a kansa. Wannan shi ne abin da za ku ji malami yana kira fankshan, yana rubuta f(x) a allo. Kada alamar ta razana ku. Ku ɗauke ta kamar injin niƙa: ka zuba abu ta sama, wani abu ya fito ta ƙasa, bisa ƙa'ida tabbatacciya. Sharaɗin kawai shi ne, duk abin da ka zuba, amsa ɗaya tak za ta fito, ba yau wannan gobe waccan ba. Alal misali, ɗaki mai kusurwa huɗu wanda tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne. Idan kowane gefe mita 3 ne, filin daɓensa murabba'in mita 9 ne. Idan mita 6 ne, 36. Ka ninka gefe sau biyu, amma simintin daɓe ya ninku sau huɗu. Ƙa'idar injin ita ce x sau x, wato x². Duk wanda ya taɓa gini ya san wannan a aljihunsa, ko da bai taɓa ganin f(x) ba. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, shi ne ya soma rubuta alamar haka a shekarar 1734.

Yanzu bari mu shiga mota. A ce direba ya taso daga Kano zuwa Kaduna, ya yi tafiyar kilomita 240 cikin awa 3, don lissafin ya yi mana sauƙi. Ɗan aji ɗaya ma zai raba ya ce gudunsa kilomita 80 ne a awa. Amma duk wanda ke cikin motar ya san ba haka aka yi ta tafiya ba. An tsaya a Kwanar Ɗangora an sayi abin taɓawa, an yi ta jan ƙafa a cunkoson Zariya, sannan da hanya ta buɗe direba ya kusa ƙure maleji. Wannan 80 matsakaici ne kawai. Ita kuwa allurar maleji wani abu dabam take nunawa, wato gudun motar a daidai ƙiftawar idon da ka dube ta. To, a nan gizo ke saƙar. Gudu shi ne nisa a raba da lokaci. A cikin ƙiftawar da ba ta da tsawo ko kaɗan, motar ba ta yi nisan komai ba, lokaci ma bai wuce ba. Sifili ke nan a raba da sifili, wanda malamanmu suka hana mu tun muna ƙanana. Ta yaya allura ke nuna 110?

Ina roƙon ku ba ni hankalinku a nan, domin wanda ya gane abin da zan faɗa yanzu ya gane rabin kwas ɗin. Mu bar mota mu je bakin rijiya mai zurfi, mu saki dutse. Tun ƙarni na 17 Galileo na ƙasar Italiya ya nuna cewa nisan da abu mai faɗuwa ke yi yana tafiya ne da lokaci sau kansa. A ma'aunin yau, nisan wajen mita 5 ne sau t², inda t ke nufin daƙiƙoƙin da suka wuce. Ainihin adadin 4.9 ne, na cike shi ne don sauƙi, kuma mun kau da kai daga turjiyar iska. Bayan daƙiƙa 1 dutsen ya yi mita 5, bayan 2 ya yi 20, bayan 3 ya yi 45. Tambaya: da wane gudu yake faɗuwa a daidai cikar daƙiƙa ta 2?

Daga daƙiƙa 2 zuwa 3 ya yi mita 25, saboda haka matsakaicin gudunsa a wannan tsakani mita 25 ne a daƙiƙa. Amma tsakanin ya yi faɗi. Mu matse shi. Daga 2 zuwa 2.1, nisan ya tashi daga 20 zuwa 22.05, wato ƙarin 2.05 cikin 0.1 na daƙiƙa. In ka raba za ka sami 20.5. Mu ƙara matsewa. Daga 2 zuwa 2.01, in ka yi irin wannan lissafi za ka sami 20.05. Ka sake matsewa sau goma, 20.005. Kun ga inda lambobin suka dosa: 25, 20.5, 20.05, 20.005. Ba mu taɓa raba komai da sifili ba, amma ko makaho ya shafa ya san 20 ake nufa. Wannan adadi da ake ta kusanta shi ake kira iyaka, kuma shi ne gudun dutsen a wannan lokaci, mita 20 a daƙiƙa. Idan ka maimaita aikin da t a madadin 2, amsar za ta fito 10t. Shi ke nan ka fitar da saurin canji, abin da za ku ga ana rubutawa dy/dx. Ƙa'idar da ɗalibai ke haddacewa, wai x² yana komawa 2x, daga nan ta fito, ba daga sama ta faɗo ba.

Kada wanda ya ji kunya idan wannan dabara ta ɗaure masa kai da farko, domin ta ɗaure wa manya. Mutum biyu ake danganta wa haɗa wannan ilmi. Isaac Newton na Ingila ya gano nasa a shekarun 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe Jami'ar Kambirij ya koma ƙauyensu, amma ya daɗe bai buga ba. Gottfried Leibniz na Jamus ya gano nasa dabam wajen 1675, ya buga a 1684, kuma alamominsa ne muke amfani da su har yau. Daga baya rigima ta ɓarke a kan wa ya riga wa. Ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta kafa kwamitin bincike a 1712, kwamiti ya ba Newton gaskiya, alhali kuwa Newton ne shugaban ƙungiyar, kuma shi ya tsara rahoton da hannunsa. 'Yan'uwana ma'aikata da ke zaune a nan sun san irin wannan kwamiti. Yau masana tarihi sun yarda kowannensu da kansa ya gano. Abin da ya fi burge ni shi ne dukansu biyu sun ci albashin hukuma: Leibniz ya yi shekaru yana hidimar gidan sarautar Hanoba a matsayin mashawarci da mai kula da ɗakin karatu, Newton kuwa ya shugabanci gidan buga kuɗin Ingila daga 1699 har ya rasu a 1727.

Duk da haka, su biyun ba su iya bayyana sarai abin da waɗannan ƙananan tsakani suke ba, sifili ne ko ba sifili ba. A 1734 wani limamin coci masanin falsafa, George Berkeley, ya rubuta littafi yana yi musu ba'a a kan haka, kuma sukarsa tana da tushe. Sai a ƙarni na 19, da aikin Cauchy na Faransa a 1821 da na Weierstrass na Jamus bayansa, aka kafa maganar iyaka a kan ƙafafunta. Abin da ya ɗauki masana fiye da shekara 150, shi za a ba ku cikin mako biyu ko uku na zangon farko.

Tambaya ta biyu, ta taruwa, ta ma girmi ta farko. Archimedes na Girka, fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya auna da'ira ta hanyar kewaye ta ciki da waje da siffa mai gefe 96, ya nuna adadin nan da kuke kira pai yana tsakanin 3 da 10/71 da kuma 3 da 1/7. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 11, ya gano yadda ake tara lambobi masu ninki huɗu don ya auna cikin wata siffa mai kama da ƙoƙo. Dabarar ɗaya ce: abin da ya lanƙwashe, yanka shi siri-siri har kowane yanki ya yi kamar miƙaƙƙe, ka auna, ka tara. Ku ɗauki famfon da ruwansa ke zuwa da ƙarfi da asuba, ya rage da hantsi, ya koma ɗigo da rana. Ba za ka ninka ƙarfin ruwa da awoyi ka san abin da ya shiga tanki ba, tun da ƙarfin ba ɗaya ba ne. Sai ka ɗauki minti-minti, ka lissafa na kowane minti, ka haɗa, sannan ka tambayi inda jimlar ta dosa idan aka yi ta ƙanƙanta mintin. Da haka injiniyoyi ke lissafin ruwan da ke shiga madatsa irin ta Tiga a damina, da wanda za a iya saki don noman rani. Alamar wannan aiki doguwar S ce da Leibniz ya miƙar, harafin farko na kalmar jimla a Latin.

Babban abin da Newton da Leibniz suka gani, wanda ya sa aka ba su kambun, shi ne waɗannan tambayoyi biyu juna suke warwarewa. Ku koma gaban direba. Akwai allura mai nuna gudu, akwai kuma 'yan lambobin da ke juyawa suna ƙirga kilomita. Wanda ya rubuta abin da allura ta nuna a kowane lokaci zai iya tarawa ya faɗi nisan da aka yi. Wanda kuma ya rubuta nisan a kowane lokaci zai iya fitar da abin da allura ta nuna. Idan saurin canjin 5t² shi ne 10t, to, tarin 10t shi ne 5t². Maimakon ka tara yankuna dubu, sai ka juya ƙa'idar baya cikin layi biyu.

Wani zai ce, to, Malam, kai da ke zaune a ofishin tsare-tsare da kasafi, yaushe rabonka da dy/dx? Gaskiya ba kullum nake rubuta shi ba. Amma bambancin da ke tsakanin yawan abu da saurin canjinsa, kusan kowane mako sai ya taso a teburina. Ga misali daga tarihinmu. A 1995 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai wajen kashi 73 cikin ɗari. A 1996 ta sauko wajen 29, a 1997 ta koma ƙasa da 9. Mai sauraron rediyo ya ji an ce hauhawar farashi ta sauka, ya je kasuwa ya tarar kaya sun ƙara tsada, sai ya ce ƙarya ake yi. Ba ƙarya ba ce, amma shi ma bai yi kuskuren gani ba. Kayan da ake saya naira 100 a 1994 sun koma wajen 173, sannan 223, sannan 242. Motar ta rage gudu ne, ba baya ta koma ba. Hauhawar farashi allura ce, farashin kuwa shi ne lambobin kilomita. Jami'in da bai rarrabe waɗannan biyu ba zai rubuta wa maigidansa takardar da za ta sa a yanke shawara a karkace, kuma talaka ne zai ɗanɗana.

Misali na biyu ya fi kusa da wannan makaranta. Ƙidayar 1991 ta ba da mutum miliyan 88.9, ta 2006 ta ba da miliyan 140.4. Wannan ƙaruwa ce ta wajen kashi 3.2 cikin ɗari a shekara. Kashi uku ba ya tsorata kowa a kunne. Amma irin wannan ƙaruwa a kan kanta take hawa, domin waɗanda aka haifa su ma za su haifa. Saurin canjin ya dogara ga yawan da ake da shi. Kalkulas ya ba mu gajeriyar hanya: raba 70 da adadin kashin, ka sami shekarun da abu zai ninka. 70 a raba da 3.2, wajen shekara 22 ke nan. Ma'ana, garin da ke ƙaruwa da wannan sauri, idan ajinsa na ɗaukar yara 50 yau kuma ba a ƙara gini ba, kafin jaririn bana ya gama jami'a yara 100 ne za su nemi wannan aji. Na taɓa zama a wani taro inda aka kawo shawarar a rage kuɗin gina azuzuwa saboda wai saurin ƙaruwar masu shiga makaranta ya ragu. Sai da aka zana abin a allo kafin kowa ya yarda cewa yaran ƙaruwa suke yi har yanzu, a hankali ne kawai.

Akwai kuma amfanin da 'yan kasuwa da manoma za su fi so, wato neman inda abu ya fi yawa ko ya fi ƙanƙanta. A ce kana da wayar shinge mita 40, za ka kewaye lambu a jikin katangar gida, saboda haka gefe uku kawai za ka shinge. Ka fito da mita 5 daga katanga, tsawo ya zama 30, fili murabba'in mita 150. Ka fito da 15, tsawo 10, fili 150 kuma. Amsar tana tsakani. Filin shi ne x sau (40 − 2x), saurin canjinsa kuwa 40 − 4x. A ƙolin tudu ba hawa ba gangara, wato saurin canji sifili ne, sai x ya zama 10. Faɗi 10, tsawo 20, fili 200. Ku gwada 9 ko 11 a gida, za ku sami 198. Da irin wannan tunani ake gano buhun taki na nawa ne ƙarin amfanin da yake kawowa ba ya biyan kuɗinsa.

Ƙannena, abin da na lura da shi a jami'a shi ne ba kalkulas ne ke kayar da mutane ba, aljabarar sakandare ce. Ɗalibi zai gane maganar iyaka sarai, sannan ya kasa buɗe baka biyu ya ninka, ko ya rikice wajen haɗa ɓangarorin lamba, ko ya manta sain da kosain. A zauren lacca mai ɗaukar ɗaruruwan mutane ba malamin da zai tsaya ya koma da kai aji huɗu. Saboda haka watannin nan da za ku yi a gida kuna jiran sakamako, kada su tafi duka a majalisa da kallon ƙwallo. Ku ɗauko littafin lissafinku ku sake bin aljabara da lissafin kusurwa, da fensir a hannu, domin lissafi ba a karanta shi kamar labari. Kuma duk fankshan da aka ba ku, ku zana shi kafin ku taɓa ƙa'ida: ina ya hau, ina ya gangara, ina ya lafa. Na san wayar da ke aljihun wasunku za ta iya fitar da amsar cikin daƙiƙa. Amma ba ta shiga ɗakin jarrabawa, kuma a ofis ba wanda zai miƙo muku tambaya a rubuce da x. Fayil za a ajiye muku, ku ne za ku gane wace lamba ce allura, wace ce kilomita. Wanda kuma yake jin wannan fage ba namu ba ne, ya tambayi tarihin Farfesa Iya Abubakar, ɗan Adamawa, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij ya dawo ya shugabanci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tun yana saurayi.

Sauran maganata ga ƙungiya take. Mun saba idan mun tara kuɗi mu yi fenti, mu gyara ƙofar shiga, mu sa allo da sunan ajinmu. Ba laifi. Amma darasin lissafi mai zurfi, wanda a cikinsa ɗan sakandare ke jin ƙanshin kalkulas sosai, ba dole ba ne a jarrabawa, saboda haka yara kaɗan ke ɗaukarsa, makarantu da yawa ma ba su da mai koyar da shi. Ɗanmu yakan je jami'a ya zauna kusa da wanda ya riga ya yi shekara biyu yana wannan lissafi, a yi musu jarrabawa ɗaya. Ina ba da shawara, ya shugaba, a cikin kasafin bana a ware abin da zai biya malami ɗaya alawus na darasin yamma, a sayi littattafai ko da talatin ne a ajiye a laburare, sannan mu da muka karanta fannin mu raba Asabar ɗin dogon hutu a tsakaninmu, mako shida, a fara daga aljabara a ƙare da dutsen nan na rijiya. Na ba sakatare sunana a kan Asabar biyu na farko, kuma takardar tana wurinsa ga duk mai son ya sa nasa kafin a tashi.